MAƘERI DA ZAƁEN WUTA

Kowane yaro na ƙasar Daura ya san labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu. Masu ba da labarin su kan ce, da ya baro Barno bai zarce Daura kai tsaye ba, sai da ya biya ta Gaya, ya tarar da maƙera a can, ya sa suka ƙera masa wuƙa. Da ita ce ya sare kan macijin nan da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ran Jumma'a kaɗai. Galibi in ana ba da labarin, jarumin a kan yaba, a manta da waɗanda suka zauna gaban wuta suna zuga. Amma da hannu wofi ya iso bakin rijiyar, da labari ya sha bamban.

Har wa yau ba gidan da ya wadata daga maƙeri. Manomi na bukatar fartanya da garma da lauje, mai faskare na bukatar gatari, uwargida na bukatar wuƙa. Ran hawan Salla, in Sarkin Daura ya fito, duk linzami da likkafa da a ke gani jikin dawaki aikin maƙera ne. Sana'ar ta kasu biyu. Akwai maƙeran baƙi, su ne masu aikin baƙin ƙarfe. Akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da zinariya, su ne ke yin zobba da mundaye da warwaro. Kayan aikinsu tun kaka da kakanni su ne uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da magagari, da zugazugi, da gawayi. A zamanin nan an sami ƙarin wani abu guda, watau bututun wuta mai aiki da gas. Iri-iri ne a kasuwa, wanda kuwa ya saya bai san bambancinsu ba, ko dai ya yi asarar kuɗinsa, ko ya jawo wa gidansa gobara.

Kafin a gane bututun, sai an gane aikin da a ke so ya yi. Kowane ƙarfe yana da iyakar zafin da ya ke iya jimrewa, in an wuce nan sai ya narke ya zama ruwa. Masana suna auna zafi da digiri. Ruwa ya kan daskare a digiri 0, ya tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, zafin bazara kuwa a Daura ya kan haura 40. To, kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a ƙasar Jos, tana narkewa a digiri 232. Dalma a 327, tutiya a 420, alminiyam a 660, azurfa a 962, zinariya a 1,064, jan ƙarfe a 1,085. Baƙin ƙarfe tsantsa shi ne mai taurin kai, sai ya kai digiri 1,538 kana ya narke.

Daga wannan bambanci ne aka sami hanyoyi uku na haɗa ƙarfe da ƙarfe. Ta fari ita ce ƙaramin liƙi, irin na masu gyaran rediyo da masu toshe hujin buta. Ana narka gamin kuza da dalma, wanda ba ya bukatar zafin da ya kai ko digiri 200, a zuba a wurin. Aikin ba wuya, amma ba shi da ƙarfi, ba ya ɗaukar nauyi. Ta uku ita ce walda, inda a ke narka bakin ƙarafan biyu su kansu, su gauraya su zama abu guda. Ta tsakiya, wadda wannan darasi ya fi kula da ita, ita ce babban liƙi, ko liƙin tagulla. A nan ba a narka ƙarafan da a ke son haɗawa. Gasa su a ke yi har su yi ja, sa'an nan a taɓa su da siririn tsinke na wani ƙarfe mai saurin narkewa, ya narke ya shige tsakaninsu, in ya huce ya riƙe su kam. Masana sun sa iyaka a digiri 450: liƙin da tsinkensa ya ke narkewa ƙasa da haka ƙarami ne, wanda ya haura babba ne. Tsinken tagulla, watau gamin jan ƙarfe da tutiya, yana narkewa wajen digiri 900. Tsinken da aka sa wa azurfa ya fi shi sauƙi, tsakanin digiri 600 da 800, amma ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Abin liƙin nan shi maƙeran fari ke kira sinadari tun da can. Daga baya ne kalmar ta bazu, har mai girki ma ta ce ta sa wa miyarta sinadari.

Yaya narkakken ƙarfe ke shiga tsakanin ƙarafa biyu da aka matse? A dubi fitilar ƙwai. Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama, amma lagwani na jawo man yana hawa da shi ta 'yan ƙananan ƙofofin da ke tsakanin zare da zare. Haka narkakkiyar tagulla ta ke yi. In ratar da ke tsakanin ƙarafan ba ta wuce kaurin takarda ba, sai ta bi ta da kanta, ko da sama za ta hau. In rata ta yi faɗi, sai ta ɗiga ƙasa a yi asararta. Ba ta kuma bin wurin da ke da tsatsa ko maiƙo ko fenti. Saboda haka maƙeri ya kan fara goge wurin da magagari har ya yi ƙyalli, sa'an nan ya shafa wani farin gari da a ke kira boraks. Garin nan in ya ji wuta ya kan narke kamar gilashi, ya lulluɓe ƙarfen, ya hana iska ta sa masa baƙi.

Maƙeran dā da gawayi su ke wannan aiki, sun kuwa iya. Gawayin ƙirya suka fi so, don itacen yana da nauyi, garwashinsa na daɗewa, yana kuma da zafi ƙwarai in an zuga. Wutar maƙera ba abar rainawa ba ce, har gobe ba abin da ya fi ta wajen gasa babban ƙarfe da za a buga. Amma tana da aibi biyu. Na ɗaya, aiki ne ke zuwa wurinta, ita ba ta zuwa wurin aiki. Ba mai iya cusa keke sukutum, ko firji, ko tankin ruwan mota cikin garwashi. Na biyu, ba ta zaɓe, duk abin da ya shiga cikinta gasa shi ta ke yi, har wurin da ba a so. Ban da wannan kuma, ƙirya ta yi ƙaranci a arewacin Jihar Katsina. Ƙasar Daura tana bakin iyaka da Nijar, inda kowane itace ke da aikin tare iska da rairayi, ga shi kuwa ƙirya ba ta saurin girma.

Dabarar sarrafa harshen wuta daga Turai ta zo, ba kuwa mutum guda ya gama ta ba. A 1855 wani malamin kimiyya na Jamus, Robert Bunsen, ya fitar da wani ɗan bututu mai ƙofa a gindi, wanda ke gauraya gas da iska tun kafin su kai ga wuta. Sai harshen ya bar ja da hayaƙi, ya koma shuɗi mai tsananin zafi. A 1882 wani mutumin Suwidin, Carl Nyberg, ya ƙera fitilar liƙi mai famfo wadda a ke riƙewa a hannu. A 1903 kuma waɗansu injiniyoyi biyu na Faransa, Edmond Fouché da Charles Picard, suka fitar da bututun da ke haɗa iskar asitilin da iskar oksijin, wanda wutarsa ke narka baƙin ƙarfe kansa. Asirin duka ukun ɗaya ne da na zugazugi. Wuta ba ta ci sai da oksijin, shi kuwa kashi ɗaya ne kawai cikin biyar na iskar da mutane ke shaƙa. Gwargwadon yawan oksijin da wuta ta samu, gwargwadon zafinta.

Yau wanda ya shiga kasuwa neman bututun wuta, iri uku zai tarar.

Na fari ƙarami ne, a kan ɗaura shi a kan ɗan gwangwanin gas, a riƙe da hannu guda. Shi ya fi araha, ba shi da nauyi, harshensa siriri ne kamar alƙalami. Na biyu yana da mariƙi da dogon tiyo, a kan haɗa shi da tukunyar gas irin ta girki, mai kilo 6 ko 12.5. Yana zuwa da kawuna manya da ƙanana da a ke sauyawa. Waɗannan biyu duk iskar sarari su ke zuƙa, zafin harshensu kuwa bai cika digiri 2,000 ba. Na uku shi ne na masu walda, mai tukunya biyu da tiyo biyu, ɗaya na oksijin, ɗaya na asitilin. Zafinsa ya wuce digiri 3,000.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Mutum ya ji an ce ɗan ƙaramin bututu yana ba da zafin da ya kusa digiri 2,000, tagulla kuwa a 900 ta ke narkewa, sai ya ce ai shi ke nan, ya biya kuɗi ya tafi gida da murna. Ya ɗauko karyayyen ƙarfen amalanke, ya yi ta hura masa wuta har gwangwani ya ƙare, ƙarfe ko ja bai yi ba. Dalili kuwa shi ne, tsananin zafi daban, yawan zafi daban. Harshen ashana yana ƙona yatsa nan take, amma ba wanda ya taɓa tafasa tukunyar tuwo da tsinken ashana. Ƙarfe yana da halin kwashe zafi daga inda aka sa shi, ya watsa shi ko'ina cikin jikinsa, iska kuma ta ɗebe. Kamar mai zuba ruwa ne a randa mai yoyo: in abin da ya ke zubawa bai fi abin da ke fita ba, randa ba za ta cika ba ko ya kwana yana ɗiba. Jan ƙarfe ya fi baƙi wannan hali, shi ya sa ɗan guntunsa ya kan sha wuta fiye da yadda a ke zato.

To, sai a ce ga wani maƙeri a Zango ko Mai'aduwa, ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya saya. Abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya zauna ya tuna irin aikin da aka kawo masa cikin watannin da suka wuce. In galibinsa zobe ne da 'yan kunne da sarƙa, ƙaramin ya ishe shi, babba ma ɓarna zai yi masa, don zoben azurfa in ya sha wuta fiye da kima sai ya dunƙule ya zama ƙwallo. In galibin aikin bututun firji ne, da risho, da kwaɗo, da ƙananan ƙarafan keke, na biyun ya fi dacewa, musamman in zai yi aiki da tsinken azurfa. In kuwa garmar shanu ce da kayan injin niƙa da ƙarafan mota, ba makawa sai na ukun, ko kuwa ya riƙe wutarsa ta gawayi, ya bar wa masu walda abin da ya fi ƙarfinta.

Ga mai ɗan aiki a gida, na biyun ne ya fi. Gas ɗinsa shi ne na girki, wanda a ke sayarwa a cikin gari, ba sai an aika Katsina ko Kano ba. Gwangwanin ƙaramin bututu kuwa, ko da ya ke sayensa ba ya cin kuɗi, ba ya daɗewa, in ya ƙare sai an sake sayen wani. Wanda ya yi lissafin shekara guda zai ga arahar ta zama tsada. Akwai kuma dabarar da ke ƙara wa na biyun ƙarfi ba tare da an kashe ko kwabo ba. A jera jan bulo, watau gasasshe, a ƙasa da baya da gefe, a sa aikin a lungun. Bulon ya kan tare zafin ya mayar wa ƙarfen. Waɗansu ma su kan kewaye aikin da gutsattsarin gawayi, harshen gas ya kunna su, tsohuwar wuta da sabuwa su taru a kan aiki guda. Amma kada a yi wannan a kan daɓen siminti ko bulon siminti, gama akwai damshi ɓoye a cikinsa, in ya ji wuta sai ya fashe ya yi tsartuwa a fuska.

In an je saye, ba ƙyallin fenti a ke dubawa ba. A dubi mariƙin, ya zama ba ya ɗaukar zafi. A murɗa makunnin, a ji yana tafiya sumul, yana kuma rufewa ruf. A tambayi mai kanti ko akwai kawunan sauyi, don kai shi ne ya kan fara toshewa. A tanƙwara tiyon a duba ko ya tsattsage, a tabbata kuma na gas ne, gama tiyon ban ruwa gas na cin sa. Sa'an nan akwai abin da a ke ɗaurawa a bakin tukunya don daidaita fitar gas, wanda masu sayarwa ke kira regileta. Na murhun girki a hankali ya ke sakin gas, ba ya isar babban bututu. Wanda bai san haka ba ya kan cire shi ɗungum ya haɗa tiyo da tukunya kai tsaye, wannan kuwa wasa da rai ne. Bututu yana da nasa regileta, a saye su tare. Daga ƙarshe a roƙi mai kanti ya kunna a gani. Harshe mai kyau shuɗi ne, yana da wani ɗan ƙaramin harshe mai haske a cikinsa, yana kuma gurnani a hankali. Wurin da ya fi zafi shi ne daidai gaban tsinin ƙaramin harshen nan. In wutar ta fito rawaya tana lilo tana hayaƙi, iska ba ta ishe ta ba, ba abin da za ta yi wa aiki sai baƙi.

Na ukun ba kayan gida ba ne. Asitilin daga wani dutse a ke samunsa mai suna kabaid, wanda a ke haɗawa a masana'anta da farar ƙasa da gawayin kwal. In an zuba masa ruwa sai ya yi ta tafasa yana fitar da iska mai wari kamar tafarnuwa. Iskar nan ba ta son matsi, tana iya fashewa da kanta in aka matse ta da yawa, wuta kuma tana iya komawa da baya ta bi tiyo har tukunya in ba a sa abin tare ta ba. Oksijin shi ma yana da nasa sharri, in ya gamu da man inji ko giris a bakin tukunya sai su kama da wuta ba tare da ashana ba. Wanda ke son wannan aiki sai ya zauna ƙarƙashin maigida ya koya shekara da shekaru.

Gas ɗin girki ma ba a yi masa sakaci. Ya fi iska nauyi, saboda haka in ya tsiyaya ba ya tashi sama, kwanciya ya ke yi a ƙasa kamar ruwa, ya taru a lungu ko rami, yana jiran tartsatsi. Asalinsa ba shi da wari, da gangan a ke sa masa warin nan don hanci ya ba da labari. Maƙeri mai hankali ya kan kaɗa ruwan sabulu ya shafa a duk mahaɗa kafin ya kunna. In kumfa ya taso yana girma, akwai yoyo. Ba a neman yoyo da ashana. Tukunya a tsaye a ke ajiye ta, a inuwa, nesa da inda a ke aiki, a rumfa mai shan iska. Ba a kuma kai wuta kusa da tanki ko duro da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da an ce ya shekara ba kome a ciki, gama tururin man da ya rage shi ne ke fashewa.

Akwai haɗarin da ba ya ƙara, ba ya kuma ƙuna. Kwanon rufi da bokitin ƙarfe an lulluɓe su da tutiya, in suka sha wuta su kan fitar da farin hayaƙi, wanda ya shaƙe shi ya kwana da zazzaɓi da ciwon jiki. Dalma ta fi wannan muni, don a hankali ta ke taruwa cikin jini, ta fi kuwa cutar da yara ƙanana. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje. Don haka ba a liƙe tukunya ko buta ko kwanon abinci da gami mai dalma, wanda ya taɓa ta kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a tuwo.

In kome ya kammala, aikin kansa ba ya daɗewa. Maƙeri ya kan ɗaure ƙarafan biyu da waya don kada su motsa. Ya fara gasa wanda ya fi kauri, yana yawo da harshen wutar, ba ya tsayar da shi wuri guda. Boraks ya kumbura ya yi fari, sa'an nan ya kwanta ya zama kamar ruwa. Ƙarfe ya yi ja kamar cikin kankana. A sa'an nan ne ya kan ɗan janye wutar ya taɓa mahaɗar da tsinke. Ƙarfen ne ya kamata ya narka tsinken. Ɗan koyo ya kan yi gaggawa ya sa tsinken cikin harshen wuta, tagulla ta ɗiga a kan ƙarfe mai sanyi ta dunƙule kamar kashin awaki, ana taɓawa ta faɗi. In an yi daidai kuwa, sai a ga wani zare mai ƙyalli ya zagaya mahaɗar cikin ƙiftawar ido. A bar aikin ya huce da kansa, kana a kankare sauran boraks.

Da rana tsaka shuɗin harshen nan ba ya ganuwa sosai, jan ƙarfen da ya gasu ma ba ya nunawa. Shi ya sa maƙera ke son rumfa mai ɗan duhu. Da hunturu kuma, sa'ad da iska ke kaɗowa daga gabas da ƙura, su kan kafa kariya ta wannan gefen, su ajiye bokitin yashi kusa da ƙafa, su kori yara daga bakin rumfa kafin su kunna.

TAMBAYOYI

1. A wane gari ne aka ce maƙera sun ƙera wa Bayajidda wuƙa?
2. Mene ne bambancin babban liƙi da walda?
3. Wata mata ta kawo tukunyar alminiyam mai huji, ta ce a liƙe mata da tsinken tagulla. Ku dubi digirin da kowannensu ke narkewa, ku faɗi abin da zai faru.
4. Digiri nawa ne tsakanin narkewar kuza da narkewar baƙin ƙarfe?
5. Don me ba a ajiye tukunyar gas a ɗakin da ba shi da taga?
6. Ku tsoma bakin tsumma cikin kwanon ruwa, ku bar sauran a waje. Ku rubuta abin da kuka gani bayan rabin sa'a.